Mastodon, Bluesky ko Nostr: wa ke riƙe da makullin gidan?

Tun da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasunmu suke neman dandalin da ba kamfani ɗaya ke juya shi ba. Akwai su. Amma kafin ka buɗe shafi, ka san wa ke iya leƙa abin da ka rubuta, da kuma wanda za ka kai wa ƙara in an ci mutuncinka.

Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fito da shi a Jamus a 2016, kamar unguwanni ne, kowace da mai unguwarta. Kowace unguwa saba ce, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan mutane. Mai sabar da ka zaɓa shi ke kafa doka, shi ke korar masu zagi, yana kuma iya yanke hulɗa da wata sabar ɗungurungum. A nan nake so ka nutsu. Saƙon da ka aika wa mutum ɗaya ba a kulle yake ba. Mai sabarka da mai sabar wanda ka aika wa suna iya karantawa. A 2023 jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, sun ƙwace kwamfutar wani mai kula da wata sabar Mastodon mai suna kolektiva.social, ga kwafin bayanan jama'a a ciki, a buɗe. Saboda haka ka karanta dokokin sabar, ka duba ko ta ɗauki alkawarin ba da sanarwar wata 3 kafin ta rufe. In ka yi ƙaura zuwa wata sabar, mabiyanka za su biyo ka, tsofaffin rubuce-rubucenka kuwa can za ka bar su.

Bluesky ya fi sauƙin shiga, tun da aka buɗe shi ga kowa a Fabrairun 2024, kuma kana iya zaɓar masu tace maka abin da ba ka son gani. Sai dai kusan komai a fili yake, har jerin waɗanda ka toshe. Matar da ta toshe mai bibiyarta, ana iya gano ta yi hakan. Wannan ya dame ni ƙwarai. Kuma har yanzu kamfani ne ke riƙe da akalar: a Afrilun 2025 ya ɓoye wasu shafuka a Turkiyya bisa buƙatar hukumomi.

Nostr ba shi da mai gida sam. Makulli ne kawai a hannunka, wato wata doguwar lambar sirri. Ya ɓace, shafin ya tafi. Goge rubutu ma roƙo ne, ba dole a amsa ba.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: mai sabar da ba ya jin Hausa, yaya zai gane habaici ko zagin uwa? In ka kai ƙara, ka haɗa da fassara.

Ni dai zan ɗauki Mastodon, a sabar da na san masu ita kuma suna amsa saƙo. Maganar sirri kuwa, manhajar Signal, mai kulle saƙonni, nake kai ta.