Ɗan fanfon taya na lantarki: abin da na gani a hunturun Tawa

Cikin watan Disamba, sau biyu ina kai motata wurin mai faci, don kullum da asuba sai in ga tayoyin gaba sun ɗan kwanta. Ya cire ɗaya ya tsoma a kwatarniyar ruwa, ko ƙwayar kumfa ba ta tashi ba. Ya ce, "Malam, tayarka lafiya lau take, sanyi ne." Ban yarda ba, sai da na sayi ɗan fanfon nan mai agogon awo, wanda ake jonawa a wurin kunna taba na mota, jaka 15.

Ashe gaskiyarsa. Iska takan takure da sanyi ta buɗe da zafi, kuma duk saukar digiri 10 na yanayi tana rage wa taya kusan bar 0.1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Ni kuwa tun Oktoba rabona da sa wa tayoyin iska, da rana tsaka ana kusan digiri 38, ga shi yanzu asubahin Tawa na sauka wajen 15. Haɗa da 'yar iskar da taya ke saki da kanta a hankali. Takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta ce 2.2, na auna na tarar da 1.9. Na tausaya wa tayoyin nan, don da na tsuguna na shafa, gefe-gefensu sun fi tsakiya cinyewa. Ga man da motar ke ƙara sha ban sani ba.

Agogon shi ya fi burge ni, ya ma fi fanfon amfani. Lambobinsa na haske, ana karanta su ko gari bai waye ba, ko ƙurar hunturu ta rufe gari. Ka saita 2.2, in ya kai sai ya tsaya da kansa. Ranar da na nufi Yamai na cika da sassafe, da na tsaya Birnin Ƙonni na sake aunawa na ga 2.5. Hannuna har ya kai bakin bawul zan rage, sai na tuna zafin kwalta ne da gudu. Don Allah kada a rage wa taya mai zafi iska. Awo na gaskiya sai mota ta huta kamar awa 3.

Aibin fanfon: ƙara gare shi, har maƙwabcina ya leƙo. Wayarsa da ƙyar take kai wa tayar baya, kuma kafin in gama ta huɗu jikinsa ya ɗau zafi, sai na bar shi ya huce. A bar injin mota a kunne, kada ya zuƙe batir.

Yanzu duk Juma'a kafin in fita nake aunawa, har da tayar safaya, wadda na tarar ta kusa zama fanko. Ƙanena mai zirga-zirgar Tawa da Agadas na riga na sayo masa nasa.