Gidan Haya a Sakkwato: Madafar Zamani ko Murhun Tsakar Gida

Mai neman gidan haya a Sakkwato yakan fara tambayar kuɗin shekara da yawan ɗakuna, amma a ganina inda uwargida za ta ɗora tukunya ya fi su shafar zaman iyali.

A sababbin gidajen Arkilla da Bado madafa tana cikin gida, da tayil da famfo, an tsara ta domin girki da gas. Akwai tsafta, hayaƙi ba ya baƙanta bango. Sai dai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙaramin ɗakin yakan zama tamkar tanda, kuma wasu masu gidajen sukan hana daka a turmi kada tayil ya tsage, sai iyali su koma sayen fura a waje bayan sun biya haya mai tsada.

Tsofaffin gidajen Kanwuri da Rijiyar Dorowa kuwa hayarsu ta fi sauƙi, kuma tsakar gida tana ɗaukar komai: murhu mai duwatsu uku, turmin surfa gero, kuɓewa a shanye bisa tabarma, da babbar tukunyar da ake tuƙa tuwon dawa na mutum goma. Wahalarsu ita ce hayaƙin itace da ke cin idon mai girki, da ruwan Agusta da ke kashe wuta, musamman idan ana raba tsakar gidan da wasu 'yan haya.

Ma'auratan da ke fita aiki da safe sabon gida ya fi dacewa da su. Mai iyali da yawa kuwa, ni dai tsohon gida zan ba shi shawara ya kama, ya kafa wa murhun rumfar kwano kafin damina.