Mun kai yaronmu gwajin ɗabi'a a Jidda: abin da na gani

Idan aka tambaye ni ko kuɗin da muka biya a wata cibiyar kula da ɗabi'ar yara a Jidda sun yi amfani, zan ce sun yi. Sai dai akwai wani giɓi da ya shafe mu musamman, mu da Hausa ce yaren cikin gidanmu.

Ɗana shekararsa 8. Makaranta ce ta matsa mana lamba: ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ƙarasa aikin aji, kullum sai ya yar da wani abu. Hajiya, surukata, cewa take ƙiriniya ce irin ta ubansa, zai daina. An yi ruƙiyya, an yi tofi, kuma ba mu fasa addu'a ba har yau.

Zaman farko da ni da babansa kaɗai aka yi. Jami'ar ta bi tarihinsa tun daga goyon ciki: yadda aka haife shi, yaushe ya fara magana, barcinsa, awa nawa yake yi a kan waya. Kafin komai ta ce a je a duba masa ido da kunne, domin yaron da ba ya jin malami sosai ma kamar mara natsuwa yake zama. A nan ta shiga raina. Ta kuma bayyana cewa ba a cewa yaro yana da ADHD, wato lalurar rashin natsuwa da yawan motsi, sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya. Shi ya sa aka ba mu takardar tambayoyi ta Conners, ɗaya tamu, ɗaya ta malaminsa.

Sai gwajin Wechsler na auna basira, wanda ake yi wa yara daga shekara 6 zuwa 16. Akwai jera 'yan katakai masu ja da fari su ba da zane, akwai maimaita lambobi gaba da baya, akwai kuma fassara kalmomi. Duk da Larabci. Takardar da muka cike a ƙofa ta tambayi ƙasa da lambar igama (katin izinin zama a Saudiyya), amma ba ta tambayi yaren da yaro yake ji a gida ba. Ɗana Larabcin unguwa da na makaranta yake yi, da kakarsa kuwa Hausa zalla, kuma akwai abubuwa da dama da sunansu na Hausa kawai ya sani. Ni na ɗaga maganar. Jami'ar ba ta yi girman kai ba, ta rubuta a rahoton, ta ce za ta fi dogara da sassan da ba su buƙatar yawan kalmomi. To ina ga uwar da ta yi shiru don kunya, ko yaron da bai daɗe da zuwa daga Kano ko Maraɗi ba? Sai a ga makinsa na magana ya yi ƙasa a ɗauka ƙwaƙwalwa ce, alhali yare ne.

Sakamako ya nuna ADHD ɗin ne, basirarsa kuwa lafiya lau. Abin mamaki, yawancin zaman da suka biyo baya mu iyaye aka koyar: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a kalle shi ido da ido, a yaba masa nan take idan ya yi daidai. Babansa ya sha wuya da batun yabon nan. Likitan cibiyar ya yi mana bayanin methylphenidate, maganin da ake ba masu ADHD, cewa ba a bayar da shi sai da takarda ta musamman, yana iya rage cin abinci da barci, kuma ana bin nauyin yaro da tsayinsa. Muka ce a dakata tukuna, bai tilasta mana ba.

Abin da bai yi mini daɗi ba: jiran amincewar inshora ya ja lokaci, wani ɓangaren daga aljihu muka biya, rahoton kuma cike da lambobi, sai da muka sake biyan kuɗin zama aka warware mana shi. Lokutan yamma suna saurin cikewa, dole wani lokaci yaro ya rasa makaranta.

Wanda zai je, ya tafi da littattafan yaron na aji da bayanin malami a rubuce, ya tambayi kuɗin gwaji da na bayanin rahoto tun a waya, kuma ya faɗi yaren gida kafin a fara. Mai son shawara tukuna yana iya kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, dare ko rana.