Kurumta ce ko galahanga? Amsa ga ƴar'uwarmu ta Tawa

Ƴar'uwa, kin ce yaronki ya shekara biyu da rabi, ba ya magana, in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Surukarki ta ce kurma ne, wata kuma ta ce galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim. Kin tambayi yadda ake bambancewa. Allah ya ba shi lafiya. Ɗan ƙanwata a hannuna ya tashi da wannan lalura, shi ya sa tambayarki ta taɓa ni.

Kurman yaro kunne ne ya rasa, amma yana nemanki da ido. Zai kafa miki ido a fuska, ya nuna rago da yatsa, ya juyo ya ga ko kin gani. Kwano ya faɗi a bayansa, ko gezau. Wani lokaci akwai abin da ya gabata: sanƙarau, ƙyanda, ko kunne mai zubar da mugunya.

Mai galahanga kuwa galibi yana ji sarai. Namu sai ki kira shi sau biyar shiru, amma ki taɓa ledar biskit a ɗaka, ga shi nan a guje. Injin niƙa ya tashi, ya toshe kunnuwa yana kuka. In yana son ruwa ba ya nunawa, sai ya ja hannunki har bakin randa ya ɗora shi kan moda, bai ko kalli fuskarki ba. Yakan wuni yana jera murafan kwalba, kuma kada wanda ya taɓa masa layinsa. Nan bambancin yake: kurma na ƙoƙarin isar miki da saƙo ta kowace hanya, shi kuwa wannan haɗa hankali da mutum ne ke masa wuya.

A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga, kuma maza sun fi yawa. Ba allurar rigakafi ke kawo ta ba, ba kuma sakacinki ba ne. Ina roƙonki kada ki bari a ɗora miki.

Ki fara da gwajin ji, don yaro ɗaya na iya haɗa biyun. Ki kai shi wajen likitan yara a babban asibitin jihar Tawa. In da buƙata zai tura ku sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Yamai. In kurumta ce, akwai na'urar ji da maganar hannu. Galahanga ba ta da maganin sha da ke warkar da ita, horo ne tun da wuri, mafi yawansa a gida: ki durƙusa daidai idonsa, kalma ɗaya tak, "ruwa", ki ɗan jira kafin ki miƙa modar. Lokacin ci, wanka da barci kada ya riƙa sauyawa. In kin ga alamar farfaɗiya, kada ki jira.

Kafin ku tafi, ki ɗauki bidiyonsa a waya yana wasa, da lokacin da kike kiransa ta baya. Yaro ba ya nuna duk halinsa a ofishin likita.