Injin ɗura harsashi na farko: wanne ya dace da mai bindiga mai ɗura kanta?

Duk wanda ya fara sha'awar ɗura harsashinsa da hannunsa, wato sake cika kwanson harsashin da aka harba, tambayarsa ta farko ita ce wane inji ne ya fi sauri. Ga mai bindigar da ke ɗura kanta bayan kowane harbi, irin AR-15 ko M1 Garand ko M1A, wannan tambaya ta ƙarshe ce ya kamata ta zama. Kafin ma a kai ga maganar inji, ka tabbatar dokar ƙasarka ta yarda, domin ƙasashe da yawa sun haramta mallakar albarushi da firaima, wato ɗan abin da ke gindin harsashi mai kunna albarushi, ba tare da lasisi ba. Abin da zan faɗa na wanda doka ta ba shi dama ne.

Bindiga mai sakatar hannu tana da haƙuri. In harsashi ya yi ɗan kauri, hannunka zai ji sakata ta ƙi rufuwa, sai ka dakata. Mai ɗura kanta kuwa sifirin ne ke banka sakata da ƙarfi, ba ruwansa da ko harsashin ya zauna daidai. Ƙari a kan haka, allurar da ke dukan firaima a waɗannan bindigogi sake take, babu abin da ke riƙe ta, shi ya sa in ka fitar da harsashin da ya shiga bindiga ba a harba ba za ka ga ɗan tabo a gindinsa. To, in firaimar ta ɗago sama da gindin kwanso, ko kwanson bai shige mazauninsa gaba ɗaya ba, harsashi na iya tashi ba a taɓa kunama ba, wani lokaci ma tun sakata ba ta kulle ba. Wannan shi ne haɗarin da ke fasa bindiga a fuskar mai ita, kuma da shi nake auna kowane kaya.

Saboda haka zaɓina inji mai aiki ɗaya ne a kowane ja, kuma a cikinsu RCBS Rock Chucker. Fred Huntington ne ya kafa kamfanin RCBS a 1943 a Oroville ta jihar Kalifoniya a Amurka, injin kuma na zubin ƙarfe ne mai nauyi, ginshiƙinsa a rufe yake ta kowane ɓangare, don haka ba ya lanƙwasa idan ana matse kwanso mai tauri. Wannan rashin lanƙwasa ne ke sa kafaɗar kwanso na farko da na ɗari su koma wuri ɗaya. Abin da na fi so game da shi shi ne yadda yake tilasta maka tsari. Ka ɗaura dayis guda, wato ƙarfen nan mai rami da ke mayar da kwanso girmansa na asali, ka matse kwansuna hamsin, ka tsaya. Ka auna su, ka yanke waɗanda suka yi tsawo, ka sa firaima kana shafa gindin kowanne da yatsa don ka ji ta nutse kaɗan. Ka zuba albarushi, ka jera su a faranti, ka haska tocila ka ga dukkansu sun cika daidai da juna. Kowane kwanso zai bi ta hannunka sau biyar ko shida, kuma a kowane bi akwai damar ka ga tsaga a wuya ko zoben haske kusa da gindi, alamar kwanson ya kusa rabewa biyu. Bakin zaren injin, inda ake ɗaura dayis, na awon 7/8-14 ne, wanda kusan duk kamfanoni ke amfani da shi, saboda haka dayis ɗin Redding ko Hornady ko Lee duk za su hau. Ko ka sayi babban inji daga baya, wannan ba zai zauna banza ba.

Forster Co-Ax inji ne mai kyau ƙwarai, amma abin da ya fi Rock Chucker da shi sabon shiga ba zai gane shi a takardar harbi ba. Lee Classic Turret ya cancanci a duba, da sharaɗin ka cire sandar da ke juya kansa ka yi aiki ɗaya bayan ɗaya. Su Dillon XL750 da Hornady Lock-N-Load AP ayyuka biyar suke yi a ja guda, kuma idon sabon shiga ba ya iya tsaron wuri biyar. Ƙaramin Lee Loader na guduma kuwa wuyan kwanso kawai yake matsewa, don haka bai shafe mu ba sam.

Wannan batu na wuya yana da muhimmanci wajen sayen dayis. Masu bindigar sakatar hannu kan matse wuya kaɗai don kwanso ya daɗe, amma kai sai dayis ɗin da ke matse jikin kwanso gaba ɗaya. Akwai wanda ake rubuta wa small base a kwalinsa, yana ƙara matse gindi kaɗan, yana da amfani idan mazaunin harsashin bindigarka matsattse ne ko kwanson ya fito daga wata bindigar. Kada ka fita daga shago ba tare da gejin kwanso ba, irin na L.E. Wilson ko Lyman. Ƙaramin ƙarfe ne da aka haƙa bisa awon SAAMI, hukumar da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka tun 1926. Ka jefa kwanso ciki, in ya zauna tsakanin matakai biyun da ke bakinsa ya ci jarrabawa. Ga harsashin .223 Remington iyakar tsawon kwanso inci 1.760 ne, ana yanke shi zuwa 1.750, in ya wuce kuwa bakinsa zai maƙe kan harsashi, matsin wuta ya haura. Firaima kuma ka nemi mai tauri, CCI No. 41 ga harsashin 5.56, No. 34 ga na 7.62 da .30-06.

Yanzu sikeli, wanda a kansa nake da zafi. Na taɓa samun ƙaramin sikelin lantarki marar sunan kamfani a cikin tarin kayan da wani ya sayar mini. Da safe ya nuna nauyi ɗaya, bayan ɗakin ya yi ɗumi ya nuna wani dabam a kan abu guda. Albarushi da giren ake auna shi, giram ɗaya ya kai giren 15.4, kuma a ƙaramin kwanso tazarar da ke tsakanin awon albarushi na farawa da na ƙarshe da aka yarda da shi ba ta wuce giren biyu ko uku ba. Sikelin da ke yawo da rabin giren ya cinye babban kaso na wannan tazara. Ka sayi sikeli mai sanda da duwatsun gwaji, ba ya buƙatar batir, ba ya damuwa da wayar salula a kusa da shi. In ka ga dama ka ƙara na lantarki daga baya, amma mai sandan ne alƙali. Baniya ma, abin awon tsawo da kauri, jabun masu ɗauke da sunan Mitutoyo sun cika kasuwannin intanet, sai ka saya wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Macuta a wannan harka sun fi ƙarfin a ƙirga. Lokacin ƙarancin firaima na 2020 da 2021 shafukan bogi sun yi ta ɓullowa, da hotunan kwalaye jibge alhali manyan dillalai ba su da ko ɗaya. Alamarsu ɗaya ce har gobe: ba sa karɓar katin banki, sai kuɗin kirifto ko katin kyauta ko turawa kai tsaye. Kada ka tura. Kada ka sayi albarushin da aka buɗe gwangwaninsa ko aka juye a wata roba, ko da mai sayarwa ya rantse, domin ido ba ya bambance albarushin ƙaramar bindiga mai saurin ci da na babba, kuma cika kwanson babbar bindiga da na ƙarama tarwatsa ta yake yi. Kada ka harba harsashin da wani ya ɗura. Kwanson da ake tallarsa da sunan an harba sau ɗaya, ka bincike shi ɗaya bayan ɗaya: ka leƙa ciki, in ka ga ramuka biyu a gindinsa nau'in Berdan ne, zai karya allurar dayis ɗinka mai cire tsohuwar firaima. Ka ware na soja, saboda ramin firaimarsa a danne yake sai an gyara, wasu kuma sun fi kauri. Ka kula ƙwarai kada harsashin .300 Blackout ya cakuɗu da .223, domin yana iya shiga mazaunin .223 ya rufe, alhali kansa ya fi bututun faɗi.

Awon albarushi da wani baƙo ya rubuta a intanet shi ma jabu nake ɗaukarsa. Littafin awo na kamfanonin da ke da ɗakin gwajin matsi, irin Hornady da Lyman da Hodgdon, ka sayi biyu ka riƙa gwama su, ka fara daga awon ƙasa. Mai Garand ya nemi shafin da aka ware wa bindigarsa, saboda albarushi mai jinkirin ci yana lanƙwasa sandar da ke jan sakata. Ka haɗa da tabarau na kariya da sabulu a kusa, domin ƙurar firaima da aka harba tana ɗauke da dalma, kuma gwangwanin albarushi ɗaya tak ake ajiyewa a kan tebur a lokaci guda.