Kazar agric ko kazar Hausa?

Kullum sai an tambaye ni wacce ya kamata mutum ya ci in yana tausayin dabbobi. Ta agric dai sati 6 zuwa 8 ta isa yanka, ga tsoka ga arha in an duba kilo, amma fa a cunkushe take rayuwa, wata ma ƙafarta ba ta iya ɗaukar nauyinta, kuma wasu masu gona suna ɗura mata magani har gab da sayarwa, wannan ne ke damuna gaskiya. Ta Hausa kuwa tana yawonta tana tonon ƙasa, sai ta yi wata 5 ko 6, ga tsada ga tauri, sai dai romonta ba magana.

Mai iyali da yawa ko hidimar biki, agric ta fi masa, ya dai san gonar da ta fito. Mai cin nama jefi-jefi ya nemi ta Hausa.