Garin furotin mara ɗanɗano, bayan tiyatar rage tumbi

Tun kafin a shiga da ni tiyata na sayi manyan robobi biyu na garin furotin, ɗaya mai ɗanɗanon cakulan, ɗaya na banila. Na dama na sha a gida, na ji daɗinsu, har ina cewa ashe makonni biyun shan ruwa-ruwa bayan tiyata da ake ta tsorata ni da su ba wani abu ba ne. Robobin nan har yau suna saman kabad, ko kwata ban sha ba. Wanda ya fitar da ni shi ne na ukun da na saya ba da son raina ba, mara ɗanɗano, wanda aka rubuta whey isolate a jikinsa, wato tataccen furotin na madara.

Aikin da aka yi mini shi ne wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar wani siririn abu kamar ayaba. Kwana biyun farko daga ruwa sai tataccen romo, wanda kana hango gindin kofi ta cikinsa. Bayan nan aka ce in koma ruwa-ruwa mai ɗan kauri har mako biyu. Takardar sallama ta ɗora mini abu biyu a kullum: furotin giram 60, ruwa lita ɗaya da rabi. A takarda kamar wasa. Sai dai da ɗan kofin magani mai cin mililita 30 nake sha, shi ma sai na yi kusan minti 15 ina kurɓa. Kofi 50 ke nan, wato tun safe har dare kofi na hannuna.

A rana ta huɗu na dama na cakulan ɗin. Kurɓa biyu na yi na ture shi. Zaƙin ya ginshe ni, ƙamshin da nake so a da ya koma tayar mini da zuciya, cikina kuma ya wuni yana ƙugi. Masaniyar abincin da ke duba ni ta ce ba ni kaɗai ba ce, mutane da yawa harshensu kan sauya bayan aikin. Ita ta nuna mini cewa nawa yana da sukarin madara da yawa, ta ce in nemi tataccen, wanda aka cire masa mafi yawan sukarin da maiƙon.

Ludayi ɗaya na tataccen yana ba da furotin kusan giram 25. Ina raba shi gida biyu ko uku, in zuba a romo, ko a yogot mara sukari da na tsinka, ko a miyar da aka markaɗa aka tace. Daga ranar da na fara shi ƙugin cikin ya lafa, a rana ta tara kuma na cika giram 60 ɗin a karon farko.

Amma maganar wai ba shi da ɗanɗano, wannan cika baki ne. Yana da ɗan ƙarni-ƙarnin madara, a ruwa zalla ba ya shawuwa. Ba ya kuma jure zafi. Ranar farko na juye shi a romon da na sauke yanzu-yanzu, nan take ya dunƙule ya yi gudaji kamar an fasa ƙwai a ciki, dole na zubar. Daga baya na gane sai an fara dama shi da ɗan ruwan sanyi, a bar romon ya huce ya zama ɗumi, sannan a haɗa. In kuma aka girgiza shi a gora, kumfa yake yi sosai, kumfar nan iska ce, sabon tumbi kuwa ba ya son iska. Sai ta tokare ni a ƙirji, gyatsa ta ƙi fita. Shi ya sa nake ajiye shi minti goma kumfar ta kwanta. Saboda iskar ne ma aka hana ni shan abu da tsinke, da duk wani lemo mai gas.

Bai hana ni taurin bayan gida ba, bai kuma ɗauke mini shan bitamin ba. Kewar tauna ma bai yi mata komai ba. Yunwa kam ban ji ta sosai ba, don ɓangaren da aka cire shi ya fi fitar da sinadarin da ke tayar da ita, amma haƙorana sun nemi aiki. Wata rana ƙanwata na cin tuffa kusa da ni, ta ga yadda nake bin bakinta da kallo, ta ce, "Yaya, in fita da ita ne?" Na ce zauna abinki, ƙarar ma daɗi take mini.

Zan sake sayensa, amma ƙaramar roba. Mai shirin yin aikin ya sayi kaɗan-kaɗan iri biyu ko uku, ya jira ya ji abin da harshensa zai karɓa. Wanda madara ke yi wa borin jini kada ya taɓa shi, mai ciwon ƙoda kuma ya fara tambayar likitansa. Ni yanzu na shiga matakin markaɗaɗɗen abinci, ina barbaɗa rabin ludayi a kai, robobin cakulan da banila kuma ƙanwata ta ce tana so.